Amsa kan tsabar azurfa mai hoton gaggafa

Malam, ka tambaya ko tsabar da ka saya, mai kan mutum a gaba da gaggafa a baya, nauyinta giram 14, ta Iskandar Mai Girma ce. Ba tasa ba ce. Ta Iskandar, gabanta Herakilis ne, jarumin tatsuniyar Girkawa, sanye da fatar kan zaki, bayanta Ziyus, babban abin bautar Girkawa, zaune kan kujera, gaggafa a tafin hannunsa, kuma babbar tana kai wajen giram 17. Giram 14 da gaggafa tsaye, hankalina Masar ya tafi, gidan sarautar Tolomi.

Kada fuska ta ruɗe ka. Tolomi na ɗaya ya mutu kusan 282 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma magadansa sun ci gaba da buga kansa a azurfa har zamanin Kiliyofatara, sarauniyar ƙarshe ta gidan. Na sha ganin masu sayarwa suna rantsuwa "ta Tolomi na ɗaya ce" alhali an buga ta bayan shekara ɗari biyu. Juya bayanta ka karanta. In ka ga ΠΤΟΛΕΜΑΙΟΥ ΒΑΣΙΛΕΩΣ (wato "ta Sarki Tolomi" da Girkanci), gaggafar kuma na taka alamar aradu, to ta gidan Tolomi ce. Sai ka nemi wata alama kamar L gefen ƙafarta. Haruffan Girkanci da ke biye shekarar sarauta ce, Ι goma, Κ ashirin. Ta wannan shekara da salon zanen ake gane sarkin, kuma gaskiya nan ne wahalar take, don sarakuna da yawa sun yi shekara ta goma.

Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne Taya, a Labanan ta yau. Sarakunan gidan Selukas na Siriya, irin su Dimitiriyas na biyu da Antiyokas na bakwai, sun buga azurfa a can da nauyin nan ɗaya, da gaggafa. Bambancin, tasu na tsaye kan goshin jirgin ruwa, ganyen dabino a kafaɗa, sunan sarkin kuma daban. Shekararsu daga 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake ƙirga ta.

Batun jabu kuwa, duba gefenta da gilashin ƙara girma. Layin haɗi ko ƙananan ramuka kamar kumfa alamar zubi ce, ta asali bugawa aka yi. Kuma don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, baƙin nan na jikinta yana cikin darajarta. Turo mana hoton bayan a hasken rana, da na gefen.