Shin an hukunta wani a gwamnatin Amurka kan harin Benghazi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an hukunta wani jami'i bayan harin da aka kai wa ofishin jakadancin Amurka a Benghazi, ƙasar Libya, a 2012, wanda ya halaka jakadan Amurka Chris Stevens da wasu Amurkawa uku. Hukunci na a zo a gani dai babu. Da farko gwamnatin Obama ta alaƙanta harin da zanga-zangar adawa da wani fim na ɓatanci ga Musulunci, amma kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon jakada Thomas Pickering ya gano ba a yi wata zanga-zanga a wurin ba, kuma tsaron ofishin ya yi rauni ƙwarai. An dakatar da jami'ai huɗu, a 2013 aka mayar da su aiki a wasu muƙamai. A ganina 'yan Republican ma sun cusa siyasa, don Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin harin, suka fi nema.