Alƙahira ko bakin teku? Amsar da ka nema

Na ga saƙonka tun la'asar, cewa kwastoman da ya zo ofis ina asibiti yana son kai matarsa Masar hutun kwana biyar, yana tambaya Alƙahira za su zauna ko Sharm el-Sheikh, garin shaƙatawa na bakin teku, kai kuma har ka fara nuna masa hotunan ruwa a waya kana cewa Oga ai Sharm ta fi kyau. Da ban yi niyyar amsa ka a rubuce ba, shekara biyu kana zaune kusa da ni kana jin yadda nake magana da mutane, ya kamata a ce ka wuce wannan tambayar. Amma tunda ka ambaci Sharm raina ya ɓaci, don garin nan ya ci min mota, kuma gara ka ji labarin daga bakina da ka ji shi a bakin 'yan gulma.

Kafin nan ka ƙirga kwanakin tukuna, don ku yaran yanzu lissafi ne ba kwa yi, hoto kawai kuke kallo. Kwana biyar da mutum ya ce maka ba biyar ba ne a ƙasa. Daga Kano zuwa Alƙahira awa huɗu da wani abu ne a sama, ka haɗa da zaman filin jirgi da layin shige da fice da ɗaukar kaya, ranar farko ta tafi a gajiya, ranar ƙarshe kuma ta haɗa akwati ce da gudun kar jirgi ya tashi. Saura uku. In Sharm ce sai ka ƙara jiran wani jirgin a Alƙahira, sannan awa ɗaya a sama, a mota kuwa kilomita wajen 500 ne zuwa can ƙarshen Sina'i, da shingayen bincike a hanya. Wanda ya ce maka zai haɗa biyun a kwana biyar ka gaya masa filin jirgi zai je yawon buɗe ido. Maganar biza da fasfo da katin allura ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya zauna a kujerar ofis ɗina ba.

To ga labarin. Bayan ƙaramar sallah ta 2023 wani Alhaji ɗan kasuwar yadi ya shigo, surukin wani abokina ne ya kawo shi, ya yi sabuwar amarya yana son fita da ita. Ya zauna nan kan kujerar da ke jikin taga, ya ciro waya ya nuna min bidiyon wani otal a bakin Bahar Maliya, ruwa shuɗi garau kana ganin kifi a ƙasa, ya ce nan yake so, kwana shida, irin wanda ake ɗaura maka abin hannu ka ci ka sha duk a cikin kuɗin ɗaki. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, na san abin da ya kamata in tambaye shi, amma ganin babbar riga da kuma wanda ya kawo shi sai na ji nauyi, na yi shiru. Ya biya kuɗin tikiti, ya ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku na otal, ya ce ciko sai kwantenarsa ta fito nan da sati biyu. Na kira abokin hulɗata na Alƙahira, mutumin da muka fi shekara goma muna aiki ba mu taɓa saɓani ba, na ce ya kama ɗakin da sunana, kuma don in rage wa Alhaji kuɗi na ce a kama a farashin nan mai rahusa wanda in ka fasa ba a mayar da ko sisi.

Daren su na biyu, wajen ƙarfe biyu, waya ta tashe ni. Alhaji ne yana faɗa kamar zai fasa min kunne, wai na kai shi gurin masha'a da iyalinsa, Turawa na yawo kusan tsirara a bakin ruwa, ga giya a kan tebura, ga kiɗa har tsakar dare, amarya ta ƙi fita daga ɗaki sai kuka take, shi kuma ya gaji da kallon ruwa, ba kasuwa ba kowa. Na ce Alhaji ka yi haƙuri, akwai masallatai manya a garin, akwai Masallacin Sahaba a tsohuwar kasuwa, ku ɗauki tasi ku je ku sha iska, akwai jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa da za ta ga kifi ba tare da ta jiƙa ko gefen hijabinta ba. Ya ce shi bai san wannan ba, gobe-goben nan in fitar da su zuwa Alƙahira ko kuma ya kira surukin abokina ya gaya masa irin mutumin da nake. Wallahi a daren nan ban koma barci ba. Da asuba na sa aka yankar musu tikiti biyu na cikin gida, aka kama musu otal a Alƙahira kwana huɗu, aka ba su direba, duk a kan sunana, kwana huɗun Sharm da suka rage kuma suka tafi a banza don otal ba ya mayarwa. Da na haɗa lissafi, dala 2,400 ce a wuyana.

Sun dawo da akwatuna shida, na gani da idona don ni na tura yaro ya ɗauko su a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sati biyu, wata ɗaya, wata biyu, in na kira ya ce yana Legas, in na je shago yaransa su ce yanzun nan ya fita. Da na matsa sai ya aiko min da saƙon murya cewa shi ne ma ya kamata ya nemi diyya, don na zubar masa da mutunci a gaban amarya. Muka zauna gaban manya sau biyu, aka ce ina takarda, ina shaida cewa ya yarda zai biya kuɗin canjin, ba ni da komai sai kiran waya na ƙarfe biyun dare. Aka ce a yi haƙuri, a bar wa Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya na ji shi. Direban da ya yi ta yawo da su a Alƙahira ya gaya wa abokin hulɗata cewa ranar da suka sauka, kai tsaye wajen wani dillalin jallabiyya da abaya a kasuwar Muski Alhaji ya ce a kai shi, dillalin kuma ya tarbe shi yana cewa ga kayan nan an haɗa tun sati biyu, ai ka ce Laraba za ka iso. Ka ji fa. Tun kafin ya taka ofis ɗina ya san ranar da zai shiga Alƙahira. Ya kai amarya ta yi hotonta a bakin ruwa kwana biyu, ya tayar da rigima, ni na biya masa otal da mota ya yi sarin kayansa. Ni kuma na yi ta jan abokin hulɗata ina cewa ya ƙara min lokaci mutumin zai biya, lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa, kafin ƙarshen shekara ta haye 1,000, zuwa Fabrairun 2024 da kunya ta ishe ni na je na saya ta wuce 1,500. Bashin da bai kai miliyan biyu ba ya koma sama da miliyan uku da rabi. Motata na sayar, wadda nake kai yara makaranta da ita, wata bakwai ina hawa Adaidaita Sahu. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya miƙo min hannu yana murmushi, ina karɓa don masallaci ne, amma ban yafe ba.

Yanzu koma kan naka kwastoman. Kar ka tambaye shi wanne ya fi so, don shi ma bai sani ba, abin da ya gani a TikTok zai faɗa maka. Ka tambaye shi sun taɓa fita waje? Matar tana shiga ruwa, ko za ta iya zama inda wasu ke shiga da kayan wanka ba ta takura ba? Wa zai jira tsaraba a gida? Mutumin mu in ya yi tafiya ya dawo hannu rabbana, uwa da ƙanne da surukai ba su ga ko turare ba, to a gurinsa tafiyar ba ta yi ba, kuma kai zai ɗora wa laifi. Sannan ka ce matar ta yi magana da kanta, ko a waya ne, don sau da yawa miji ne ke zaɓa ita kuma ke zaman ɗaki.

Ni ra'ayina a fili yake, wanda bai taɓa zuwa Masar ba kuma kwana uku ne a hannunsa, Alƙahira. Rana ɗaya ta dalar Giza, abin da aka gina shekara wajen 4,500, babbar cikinsu tsayinta na asali mita 146, a je da sassafe kafin rana ta buɗe, kuma ka ja masa kunne kan masu raƙuma, a gama ciniki kafin a hau har da kuɗin saukowa. Rana ta biyu a shiga tsohon gari, a yi salla a Masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, a tsallaka titi zuwa Masallacin Husaini, ga kasuwar Khan Khalili nan manne da shi, turare, carbi, fitilu, zinare, sai ƙafa ta gaji. Wanda ya yi karatun allo da na zaure in ya tsaya a ƙabarin Imamu Shafi'i, ko a Masallacin Amru ɗan Asi da ke Fusɗaɗ wanda shi ne na farko a Masar, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi, na raka dattijai da yawa na ga hawaye a idonsu. Ga kuma ɗalibanmu birjik a Azhar, ba za ka rasa mai jin Hausa da zai yi musu tafinta ba, wannan hanya ai kakanninmu sun san ta tun suna zuwa hajji a ƙasa. Da daddare a hau jirgin ruwa a Nilu, a ci kushari, abincinsu na shinkafa da taliya, ko gasasshiyar kaza, shikenan.

In matar ta nace sai ta ga teku, rana ta uku a ba ta. Iskandariyya kilomita wajen 220 ce, jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ko mota, awa uku ba ta cika ba, ga Bahar Rum, ga ganuwar Ƙaitbai, ga ƙabarin Imamu Busiri ga masu son ziyara, a ci kifi a dawo da daddare. Ko Ainus Sukhna a gefen Bahar Maliya, ba ta kai awa biyu a mota ba, kuma iyalan Misirawa ne suka fi yawa a can, mata da hijabinsu a bakin ruwa, ba mai kallon wani.

Amma kar ka ɗauka na ce bakin teku ba shi da masu shi. Akwai wani likita da nake yankar wa tikiti duk shekara, mutumin da ke kwana a tsaye a ɗakin tiyata, shi barci yake nema, ya kashe waya, ya ci abinci, yaransa su yi ta wasa a ruwa. Irin wannan in ka jefa shi Alƙahira ka cuce shi, gari mai mutum sama da miliyan 20, hon ɗin mota ba dare ba rana, cunkoson da za ka yi awa guda ba ka yi nisan Sabon Gari zuwa Zoo Road ba. Haka mai ciwon gwiwa, haka mai ƙananan yara uku, tsohon gari tafiyar ƙafa ce. Ka duba wata ma, Yuli da Agusta zafin Alƙahira a tsakanin duwatsun Giza ba wasa ba ne ko ga ɗan Kano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma a tafi da rigar sanyi. Duk wannan a bakin mutum ake ji in an zauna da shi minti goma, amma ku ba kwa iya minti goma ba ku duba waya ba, burinku a yanki tikiti a ba ku kamasho ku sa a status.

Ko wanne ya zaɓa, kuɗi cif kafin a kama ɗaki, ko ɗan uwana ne, ko limamin unguwarku ne ya kawo shi. In zai ɗauki farashin da ba a mayarwa, ka karanta masa da Hausa, ya sa hannu a takarda cewa in ya canza ra'ayi a can to aljihunsa ne. In Sharm ce ko Hurgada, wani garin irinta a bakin Bahar Maliya, ka nuna masa hoton bakin ruwan da mutane a ciki, yadda yake da gaske, matar ma ta gani, ya rubuto maka a WhatsApp cewa sun gani sun yarda, ka adana.

Gobe ƙarfe tara ka zo da kwafin fasfo ɗinsu, kuma kar ka sake tura masa wani hoto kafin nan. A gabana za ka kira shi, kai za ka yi tambayoyin ina ji, in ya ce zai kawo rabi yanzu rabi daga baya ka miƙo min wayar.