Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Jinkirta Karkarwar Sauti a Sintisaiza

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani situdiyo a Ƙofar Ƙaura, kuma na sayi Korg MS-20 mini na hannu, wato sintisaiza, abin kiɗa mai maɓallai da ke ƙirƙirar sauti da lantarki. Idan na sa wa sauti karkarwa, da na taɓa maɓalli sai ta fara, har waƙar ta zama kamar jiniya. Ina son sautin ya fito tsaf tukuna, sannan karkarwar ta shigo a hankali, yadda mawaƙi ke yi idan ya ja murya. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka ya gaya maka gaskiya, kuma na'urar da ke hannunka an ƙera ta da wannan aikin a zuciya tun fitowar ta asali a 1978.

Abu uku za ka haɗa. Na farko LFO, wanda Korg suka rubuta MG a jikin na'urar, shi ne ke kaɗa sauti sama da ƙasa. Na biyu EG1, wanda ke tashi duk lokacin da ka danna maɓalli. Na uku ƙaramin VCA da ke ɓangaren ramukan wayoyi, a hannun dama. Wannan VCA kamar famfo yake: MG ne ruwan, EG1 kuma hannun da ke murɗa shi a hankali. Yanzu ruwan yana zuba kai tsaye babu famfo a tsakani, shi ya sa kake jin jiniya.

Waya biyu kawai kake bukata. Ɗauki ta farko daga ramin MG mai alamar kusurwa uku, ka kai ta IN na VCA ɗin. Ta biyu daga OUT na VCA zuwa ramin TOTAL. Ba sai ka jona EG1 da kanka ba, an riga an haɗa shi da VCA ɗin ta ciki. Maƙunnin da ke sauya siffar MG ka tsayar da shi tsakiya daidai, domin idan ya karkata gefe, sautin zai riƙa hawa a hankali yana faɗowa a guje, ko akasin haka, kuma wannan ba karkarwar murya ba ce. Saurin MG ya zama kaɗawa 5 zuwa 6 a sakan. Ƙasa da 4 sai ka ji kamar kaset ɗin da ya saki, sama da 8 kuma sai ya koma rawar ɗari.

Sai EG1, inda aikin yake. Yana da maƙunni uku: DELAY, ATTACK da RELEASE. DELAY shi ne shirun da ake yi kafin komai ya motsa, ka fara da kamar rabin sakan. ATTACK shi ne tsawon lokacin da karkarwar za ta ɗauka ta cika, ka ba shi tsakanin rabin sakan da sakan ɗaya. Mutane da yawa suna ɗaga DELAY su bar ATTACK a sifili, sai karkarwar ta faɗo gaba ɗaya lokaci guda, wanda a ganinmu ya fi rashin jinkirin muni. RELEASE ka bar shi gajere, domin EG1 ya koma ƙasa kafin ka taɓa maɓalli na gaba, in ba haka ba sabon sautin zai gaji ragowar karkarwar na baya.

Lambobin da ke jikin maƙunnan ba sakan suke nunawa ba, don haka ka auna da waƙar kanta. Idan kiɗan yana tafiya bugu 120 a minti, bugu ɗaya rabin sakan ne. Kenan duk sautin da bai kai bugu ɗaya ba, zai wuce tsaf babu karkarwa, sai wanda ka riƙe ne kaɗai zai samu. Haka ake so. Waƙar biki mai sauri sai ka rage, ta bege mai jan murya sai ka ƙara.

Zurfin karkarwar yana hannun maƙunnin MG/T.EXT na ɓangaren VCO, wato ɓangaren da ke samar da sautin. Ɗan kaɗan ya isa, kamar rubu'in tazarar da ke tsakanin maɓalli da na kusa da shi. Maƙunnin EG1/EXT da ke kusa da shi kuwa ka mayar da shi sifili, domin idan yana buɗe EG1 zai ja sautin kansa sama, ka rasa dalilin da waƙar ta bar kan layi. Haka nan maƙunnan MG/T.EXT na matatun sauti biyu, su ma daga TOTAL suke sha, sai ka rufe su sai in kana son sautin ya riƙa buɗewa yana rufewa tare da karkarwar.

Wani abu da zai ba ka mamaki: idan ka danna sabon maɓalli ba ka saki na baya ba, EG1 ba zai sake tashi ba, karkarwar za ta ci gaba. Ba lalacewa ba ce. Ɗaga yatsa sarai tsakanin sautuka idan kana son jinkirin ya dawo.

TAMBAYA: Na haɗa LFO da EG ta cikin VCA a na'urata mai wayoyi, jinkirin yana aiki, amma da karkarwar ta shigo sai sautin ya hau sama ya saɓa da sauran kayan kiɗa. Mene ne matsalar? Daga wata mai karatu a Daura.

AMSA: Malama, duba ramin LFO da kika ɗauka. Wasu suna fitar da wuta daga sifili zuwa sama kawai, misali 0 zuwa 5 bolt. Irin wannan, yayin da VCA ke buɗewa, tsakiyar kaɗawar tana hawa, sautin kuma ya bi ta. Ki nemi wanda ke zuwa sama da ƙasan sifili daidai wa daida.

Sannan ki rage ƙarfinsa sosai kafin ya isa VCO. A na'urorin da bolt 1 ke ba da oktab 1 (wato tazarar maɓalli 12), tazarar maɓalli ɗaya kusan milibolt 83 ce, karkarwa mai daɗi kuma ba ta wuce milibolt 20 zuwa 25 a kowane gefe ba, alhali LFO na iya fitar da bolt 5. Idan VCA ɗinki yana da zaɓi tsakanin LIN da EXP, ki sa LIN, domin EXP yana yin shiru ya daɗe sannan ya buɗe farat ɗaya.

In kuma sautin yana zamewa ko da kin cire wayoyin, to zafi ne. Ki kunna na'urar ta yi minti 15 zuwa 20 kafin ki daidaita ta, ki nisantar da ita daga tagar da rana ke bugawa, kuma idan da janareta kike aiki ki sa sitabilaiza a tsakani.