Tambaya da Amsa: Rubutun Sinanci Ya Ƙi Zama a Kaina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a ƙasar Sin, an ce shekarar farko yare kawai za mu yi. To magana ina ɗan kamawa amma rubutun nan nasu wallahi in na haddace yau gobe ya gudu, duk kama suke min da juna. Wai baƙi ya suke yi har su iya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Ina zargin kowane harafi kana haddace shi ne a dunƙule kamar hoto, haka kusan kowa ke farawa, kuma ba ya ɗorewa don sai ka san wajen 3,500 kafin ka karanta jarida cikin natsuwa.

Waɗanda suka iya ɗin farfasa su suke yi. Mafi yawan haruffan gida biyu ne, ɗaya na nuna ma'ana ɗaya na nuna yadda ake furtawa. Dubi 妈 wato uwa, hagu 女 ne mace, dama kuma 马 ne doki, ba ruwan uwa da doki fa, an saka shi ne kawai don da Sinanci ana kiransa "ma", ita ma uwar "ma" ake kiranta sai dai karin sautin ya bambanta. Ɗigon nan uku 氵 kuma ruwa ne, za ka gan shi a 河 kogi, 海 teku, 洗 wanki. Irin waɗannan jigogin guda 214 ne a ƙamus ɗin Kangxi na 1716, ba sai ka haddace duka ba, kama waɗanda kake yawan cin karo da su tukun. Amma kar ka yarda da gefen furucin ɗari bisa ɗari, wani lokacin yaudararka zai yi.

Sai rubutu da hannu, nan ne ragwanci ke kayar da mutane. Pinyin, wato rubuta furucin Sinanci da haruffan boko, da aka fito da shi a 1958 ya sa a waya kana danna boko harafi ya fito ka zaɓa, sai ka ɗauka ka iya, a miƙo maka biro ka tsaya kana zare ido, su kansu Sinawan abin na damunsu. Ka yi kamar ɗan makarantar allo, rubuta ka wanke ka sake, kana bin ƙa'ida, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama.

Ka saka Pleco, manhajar ƙamus ɗin Sinanci, a wayarka, kuma harafi goma a rana tare da bitar na jiya ya ishe ka kafin tafiya.