Maigidana zai bar aikin soja, ina muka dosa da inshorar lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Mu a Amurka muke zaune, maigidana soja ne kuma kwantiraginsa zai ƙare nan da wata biyu, ya ce ba zai sabunta ba. Duk shekarun nan TRICARE, inshorar lafiyar sojojin Amurka da iyalansu, ce ke biya mana asibiti, ga shi ina da juna biyu wata biyar, yaronmu babba kuma yana fama da asma. Ya samu aiki a wani kamfani amma sun ce sai ya yi wata uku kafin inshorarsu ta fara. Wallahi abin ya hana ni barci. Wata ƙawata ta ce mu sayi irin mai arhar nan ta ɗan lokaci. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya, ya ba yaro sauƙi. Ki kwantar da hankalinki akwai mafita, amma fa sai kun riƙe lissafin kwanaki da kyau.

TRICARE tana tsayawa ne a ranar da aikinsa ya ƙare a takarda, ranar da ke jikin DD214 ɗinsa, wato takardar sallamarsa daga aikin soja. Idan ya ɗauki hutunsa na ƙarshe kafin ranar, har yanzu soja ne, kuna ciki. Washegari kuwa shikenan.

Za ki ji mutane suna ta maganar TAMP, wato kwana 180 na TRICARE ba tare da biyan kuɗin wata ba. Gaskiya ne akwai shi, sai dai ba kowa ake ba wa ba, yawanci na waɗanda aka sallama ne ba da son ransu ba kuma cikin mutunci, ko dakarun ajiya da aka kira aiki na musamman sama da kwana 30, ko wanda ya fita ya shiga rukunin dakarun ajiya da ake kira Selected Reserve nan take ba tare da tazara ba. Wanda kwantiraginsa ya ƙare ya ce sai anjima kamar maigidanki galibi ba ya samu. Ya je ofishin ma'aikatansu ya tambaya tun yanzu, kar ku dogara da ji-ta-ji-ta.

Wanda ya fi dacewa da halin da kike ciki shi ne CHCBP, wato tsarin inshorar da ake saya a ci gaba da shi bayan TRICARE ta yanke, kamfanin Humana Military ne ke gudanar da shi. Kusan irin TRICARE Select ne, ɗaya daga cikin tsare-tsaren TRICARE, yana ɗaukar ciki da haihuwa da ciwon da mutum ya zo da shi kamar asmar yaronki, kuma za ku iya zama a kai har wata 18. Ana cike fom DD 2837 a haɗa da DD214, dole cikin kwana 60 daga ranar da TRICARE ta yanke. Kuɗin ne dai ba wasa ba, na iyali ya haura dala 4,000 duk wata uku kuma a dunƙule ake biya, ba haƙori a ciki, sannan asibitin barikin da kika saba zuwa awo ba naku ba ne kuma. To amma ki duba, ku wata uku kawai kuke nema ku haye, kuma lissafina ya nuna haihuwarki a cikin watannin nan za ta faɗo, kuɗin haihuwa a Amurka ba inshora kuwa ya ninka wannan nesa ba kusa ba musamman idan aka yi tiyata ko jariri ya kwana a sashen kulawa.

Kafin ku biya, ku shiga HealthCare.gov, shafin gwamnati na sayen inshorar lafiya, ko irinsa na jiharku. Rasa TRICARE yana buɗe muku ƙofar rajista kwana 60 kafin ranar da kwana 60 bayanta, kuma gwargwadon albashi ana iya rage muku kuɗin sosai. A nan ne kuma za a duba ko ke da yaro kun cancanci Medicaid ko CHIP, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi da ta yara, waɗannan ba su da lokacin rufewa. Ki cike tun kafin ya fita, don irin wannan inshorar sai ɗaya ga wata take farawa. Shi maigidan ya yi rajista da VA, ma'aikatar da ke kula da tsofaffin sojoji, amma ki sani shi kaɗai take dubawa, ba ke ba yara.

Batun ƙawarki kuwa, don Allah kar ki saya. Waɗancan masu arhar doka ba ta tilasta musu ɗaukar ciki ko tsohon ciwo ba, za ki yi ta biya sai ranar haihuwa a ce ba ya ciki. Araha ba ta ado.

A satin nan ki karɓi kwafin takardun awonki da na yaro daga asibitin bariki, likita ya sabunta masa maganin shaƙarsa tun kuna ciki, maigida kuma ya sa kamfanin su rubuta masa takamaiman ranar da inshorarsu za ta fara, doka ba ta yarda jiran ya wuce kwana 90 ba. Idan jariri ya iso ki sa sunansa a inshorar da kuke kai cikin kwana 30, kar ki bari sai bayan suna da wankan jego.