Tambaya da Amsa: Na zuba darussa a Moodle amma ɗalibai sun kasa gane kansu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni malamar Bayoloji ce a wata kwalejin kiwon lafiya, wannan zangon makaranta ta kawo mana Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, aka ce kowane malami ya ɗora kwas ɗinsa a kai, sunan shiga da kalmar sirri kawai aka miƙo min ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Ni kuma na kwashe duk abun da ke cikin kwamfutata na zuba, PDF sun kai 40 da bidiyo uku kowanne awa guda, wallahi kwana biyu ina fama. Yanzu ɗalibai sai kirana suke wai ba su san ta ina za su fara ba, wasu data ta ƙare musu bidiyon bai buɗe ba, wasu ma ba su iya shiga ba sam, ƙarshe dai mun koma WhatsApp ɗinmu. Dan Allah ya zan gyara?
Malama daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, kuma wahalarki ba ta tafi a banza ba. Kayan ɗaki ne kika sauke daga mota a tsakar gida, jere ne ya rage, shi kuma ɗalibi da ya leƙo ya ga tulin kaya dole ya juya.

Abu na farko ki rufe kwamfutar tukunna ki ɗauko takarda da biro. Zangonku mako nawa ne? A ce 12. Ki ja layi 12, kowane layi ki rubuta abu ɗaya da kike so ɗalibi ya iya in makon ya ƙare, misali mako na uku ya iya zana ƙwayar halitta ya faɗi sassanta, sannan ki bi PDF ɗin nan 40 kina tambayar kanki wannan na wane mako ne. Za ki tarar wasu ba su da mako ko ɗaya, to waɗannan ki cire su ko ki tara su can ƙasa ki sa musu suna ƙarin karatu ga mai so. Na san cirewa da ciwo tunda ke kika sha wahalar haɗa su, amma ɗalibin da ya ga fayil uku zai buɗe, wanda ya ga 40 ba zai taɓa ko ɗaya ba.

Shi Moodle wani malami ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙire shi, ya fito a 2002, kuma kyauta ne kowace makaranta za ta iya ɗora shi a sabarta, wato kwamfutar da ke riƙe shafinta a intanet. Tunda malami ne ya gina shi, tsarinsa irin na aji ne. A saitin kwas ɗinki akwai inda za ki zaɓi ko a raba shafin mako-mako ko darasi-darasi. Ni dai shawarata ki zaɓi darasi-darasi, don shi na mako-mako yana liƙa kwanan wata a kowane sashe, kuma kin san halinmu, hutu ya gitta ko a ɗaga jarrabawa ko wani abu ya taso a rufe makaranta kwana goma, sai kwanakin duk su rikice ɗalibi ya rasa inda ake. Ki sa wa kowane sashe suna da bakinki, Darasi na 3: Ƙwayar halitta, kar ki bar sunan da manhajar ta zo da shi.

A cikin kowane sashe kuma ki riƙe jeri iri ɗaya kar ki canza. Layi biyu ko uku a sama kina cewa ga abun da za mu yi wannan makon, sai abun karantawa, sai abun saurare, sai ɗan gwaji ko jinga a ƙarshe. In mako na ɗaya da na biyu suka zo a haka to daga na uku ba wanda zai sake kiranki. Sunayen fayil ma ki gyara, abun da kika ajiye da suna irin na kwamfuta da lambobi ke kaɗai kika san me ke ciki. Sannan darussan da ba a kai ba ki ɓoye su, akwai wajen ɓoyewa a gefen kowane sashe, duk ranar Asabar ko Lahadi sai ki buɗe na gaba.

Yanzu maganar bidiyo, nan ne zan ɗan daɗe don nan aka fi cutar yara ba da niyya ba. Mu malamai a kan kwamfuta muke haɗa kwas, wani lokacin da intanet ɗin ofis, amma ɗalibarki tana can gida da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, caji kashi 20, datar da ta saya da kuɗin abincin rana, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ita za ki sa a gabanki duk lokacin da za ki ɗora wani abu. Bidiyon awa guda yana cin ɗaruruwan megabayit, amma muryarki ta minti goma in an matse ta ba za ta wuce megabayit biyar ba, kuma mafi yawan lakca murya ce da zane. Toh ki naɗi murya minti takwas ko goma da wayarki a ɗaki mara hayaniya, ki haɗa da hoton zanen da kike bayani a kai. Abun da dole sai an gani da ido, kamar yadda ake saita madubin ƙara girma a ɗakin gwaji, shi ne za ki yi wa bidiyo, ki yanka shi gajeru ki ɗora a YouTube a matsayin wanda sai mai mahaɗi ne zai gani, ki liƙa mahaɗin a Moodle, kinga ɗalibi zai iya rage ƙarfin hoton da kansa datarsa ta kai shi. Kuma ki ce su sauke manhajar Moodle ta waya, tana ba su dama su sauke darasi lokacin da suka samu sabis su karanta daga baya ba intanet, sai dai ki tambayi mai kula da sabar makarantarku ko ya kunna wannan ɓangaren, don in bai kunna ba manhajar ba za ta shiga ba.

Waɗanda suka kasa shiga kuwa, yawanci abu biyu ne, ko ba su da asusu a shafin makarantar gaba ɗaya, wannan aikin mai kula da saba ne ki kai masa sunayensu zai iya lodawa a tashi ɗaya, ko kuma suna da asusu amma ba a sa su cikin kwas ɗinki ba. Na biyun ke za ki iya, ki kunna rajistar kai-da-kai ki sa mata makulli, wato wata kalma da za ki faɗa musu a aji, kowa ya shigar da kansa.

Gwaji ma ki tausaya. Kar ki ce ƙarfe takwas zuwa takwas da rabi na dare, ranar za a ɗauke wuta rabin aji su rasa. Ki bar ƙofa a buɗe kwana biyu, amma duk wanda ya fara minti 20 gare shi, ki ba da dama sau biyu, ki tara tambayoyi da yawa a ma'ajiyar tambayoyi manhajar ta riƙa zaɓo wa kowa nasa tana cakuɗa su, ta haka satar amsa za ta ragu sosai.

Kafin ki buɗe musu ki canza matsayinki zuwa na ɗalibi, akwai wajen a ƙarƙashin sunanki, ki ga shafin yadda za su gan shi, ko ma ki ari wayar ɗaya daga cikinsu ki gwada da hannunki. WhatsApp kuma kar ki rufe shi, ki bar shi na sanarwa kawai, an buɗe darasi na huɗu ku je ku duba, amma kar ki sake tura fayil a can in ba haka ba ba wanda zai taka Moodle. In zango ya ƙare ki yi wa kwas ɗin bakof, wato ki kwafe shi gaba ɗaya a fayil guda, ki ajiye fayil ɗin a filashi, baɗi sai ki dawo da shi ga sabon aji ba sai kin sake jere ba. Allah ya taimaka Malama.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ina koyar da lissafi ga yara masu shirin JAMB su kusan 30, ba ni da makaranta ba ni da saba, shin Moodle ɗin zan nema ko akwai mai sauƙi?
Ɗan'uwanka daga Kaduna

AMSA: Ɗan'uwa kar ka ɗora wa kanka Moodle, yana buƙatar saba da mai kula da ita, yara 30 ba su kai wannan ɗawainiyar ba. Ka buɗe Google Classroom, tun 2014 yake, da asusun Gmail ɗinka kawai za ka ƙirƙiri aji ya ba ka lamba ka tura wa yaran su shiga. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuba komai a shafin farko inda sabon saƙo ke danne tsoho, kai ka je ɓangaren aikin aji ka buɗe kanun darussa, aljebra daban, lissafin kusurwa daban, tsoffin tambayoyi daban. Fayilolinka a Google Drive suke zama, kyautar gigabayit 15 ce kuma tare da saƙonninka na Gmail ake lissafa ta, don haka kai ma bidiyo ka kai shi YouTube. Kuɗin darasi kuma ba ya karɓa maka, sai wanda ya biya ka tura masa gayyata.