Ba kowane mai fasa kofi ne sakarai ba

Wa alaikumus salam 'yata, naga saƙonki tun jiya da dare, idona ne baya son hasken waya shi yasa sai yanzu. Kince ƙanwar mijinki ta saki tire da kofuna a gaban baƙi kika ce mata sakarya, maigidan ya ɗaure fuska har yau, kuma kina tambaya wai ina laifin kalmar tunda kowa na faɗa, in ba ita ba me zaki ce. Toh laifin naki ne, bari kiji dalili.

Sakarci ba a hannu yake ba, a kai yake. In kika ce wa mutum sakarai kin yanke masa hukunci ne gaba ɗayansa, wato ba shi da amfani ba shi da tunani, layi ɗaya da wawa da dolo da gaɓo da soko da shashasha. Yarinyar da ta saki tire kuwa abu ɗaya ta yi. In hankalinta ne ya tafi wani wuri, sakaci ne, kinga harafi ɗaya ne tsakanin sakaci da sakarci amma ɗaya faɗa ne ɗaya zagi. In sauri take don ta burge, wannan garaje ne ko rawar jiki, shine ake cewa sauri ya haifi nawa. In ta san tiren ya fi ƙarfinta ta ɗauka duk da haka, ganganci kenan. In kuwa ganin baƙin ne ya sa ta diririce ko ta daburce hannu ya kama rawa, wallahi wannan ko faɗa bai kamata ba, kunya ce, kuma ni kunyar nake zargi tunda kince ta tsaya tsuru-tsuru ta kasa ko tsince fasassun.

Mu da muka taso, manya in zasu yi wa mai irin wannan jikin tsiya da kwaikwayon tafiyarsa suke yi, ace gashi nan buguzum-buguzum kamar zai ture bango, ko ya tsaya sororo a tsakar ɗaki, ko ya saki baki galala. Kowa yayi dariya har shi, don siffar aka taɓa ba hankalinsa ba.

Kuskuren baki kuma daban ne, kuma shi ya fi ciwo, nan nake so ki natsu don kema kina da shi kaɗan, kar kiji haushi. Akwai suɓutar baki, wasu suce suɓul da baka, mutum ya san bai kamata ba maganar ce ta kuɓuce masa, yana faɗa yana kama baki. Akwai katoɓara, ita kuma mai ita bai ma san yayi ba, zai tambayi matar da ta shekara goma ba haihuwa wai har yanzu shiru, a cikin mutane, kuma ya ci gaba da hirarsa yana mamakin me yasa wuri yayi tsit. Ɓaram-ɓarama ta fi girma, ita ce wadda ke tona abinda aka rufe, kamar ki yi wa mace murnar auren da mijinta zai ƙara alhali ita bata ji ba tukuna. Ni na taɓa yin irinta ina amarya, kuma da na gane sai na shiga kame-kame ina son gyarawa, ina ƙara kwaɓawa, gyaran gangar Abzinawa sak, har surukata ta dafa ni tace ya isa haka. Bata ce min wawuya ba, bayan baƙi sun tafi tace yau kin kwafsa, magana zarar bunu ce. Shekara nawa yanzu ban manta ba.

Amma kar ki haɗa waɗannan da gatsali ko gwasale mutum. Mai gatsali ya san abinda yake yi sarai, rashin kunya ce, ba a yi masa uzurin da ake yi wa mai katoɓara. Haka mai shisshigi da katsalandan da azarɓaɓi, su matsalarsu basu san inda ƙafarsu ya kamata ta tsaya ba, ba a kira su ba sun zo, ba a tambaye su ba sun amsa.

Sai wanda bai saba da wuri ba, ya shiga ofis ko babban taro bai san inda zai zauna ba, bai san ina zai sa hannunsa ba. Shi ake ce wa bagidaje, aikin kuma gidadanci. Ni bana son kalmar sam, ita da ƙauyanci, don yawanci mai faɗarta shima jiya ya koya. In abu ne kawai bai dace da wurin ba kice bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara, kin faɗi gaskiya baki taɓa kowa ba.

Ko ƙamus kika buɗe ma'ana zai baki, ba zai gaya miki wa zaki iya faɗa wa wacce ba. Uwa zata ce wa ɗanta sakarai ya wuce, kaka ta ce wa jika dolo ayi dariya don akwai wasa tsakaninsu. Ke kuwa matar yaya ce, yarinyar amana ce a hannunki, kuma a gaban baƙi kika faɗa, shi yasa mijinki yaji kamar gidansu kika zaga. In kin duba da kyau ranar ita diriricewa tayi, ke kuma katoɓara.

Ki kira ta ɗaki ku biyu, ba a gurup ɗin gida ba, kice bakinki ne ya suɓuce, ki nuna mata yadda ake riƙe tire da hannu biyu a rage kaya. Shi kuma maigidan ba sai kin yi dogon bayani ba, in yaga kuna hira zai sauko. Ki gaida min shi.